Ranar Da Na Zama Marokin Kaina

Ranar da na zo na ɗaya a aji shida na firamare, da gudu na faɗo gida ina kaɗa takardar sakamako kamar tuta, ina ihu, "Baba, na kayar da su duka!" Baba yana kan tabarma yana fama da rediyonsa. Ya karɓi takardar, ya duba sama da ƙasa, ya ninke ta huɗu ya zura a aljihu, sannan ya ce, "To, madalla. An ba akuyoyin nan dusa?" Shi ke nan. Sai bayan isha'i, ina laɓe a bayan ƙofar zaure, na ji shi yana karanta wa abokan hirarsa makin nan ɗaya bayan ɗaya, har ya ƙara wa lissafi maki biyar daga aljihunsa. Tarbiyyar da na tashi da ita ke nan. Yabo aikin wani ne, a bayan idonka ake yinsa, wanda kuwa ya yi wa kansa, ai an ce yabon kai jahilci.

Da wannan guzurin na sauka a arewacin Ingila yin digiri na biyu a kan ƙwarin amfanin gona. Bincikena a kan tsutsar tumatir ne, wadda manoman Kadawa ke kira sharon, wadda ta yi wa tumatirin Arewa kisan kiyashi a 2016 har kwando ya gagari masu miya. Kafin in tafi, a wajena Bature Bature ne, da na Turai da na Amurka duk kanwar ja ce.

Ranar farko na je sashenmu neman ofishin Farfesan da zai duba aikina. A bakin ƙofa na tarar da wani tsoho yana ɗaure keke, rigar sanyinsa da faci a gwiwar hannu, ƙafar wandonsa ɗaya a cushe cikin safa. Na ce a raina, yauwa, ga masinja. Na gaishe shi, na tambaye shi ofishin Farfesa, har na miƙa masa jakata ya riƙe mini in ɗaure igiyar takalmi. Ya riƙe. Ya ce in biyo shi. Muka hau bene hawa biyu, shi a gaba da jakata, ya ciro makulli ya buɗe ofis, ya ajiye jakar a hankali, ya zagaya ya zauna a kujerar Farfesa, ya ce, "Zauna mana." Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na shige. Mutumin nan littafinsa muka riƙa ɗauka a hoto shafi-shafi a jami'armu, don kwafi ɗaya tak ke laburare. Da bakina ya dawo na ce, "Ranka ya daɗe, ai littafinka muka karanta." Ya ce, "Ayya, sannunku da haƙuri. Ina ɗan taɓa harkar ƙwari ne kawai."

Bayan wata guda na kai masa babin farko. Ya karanta, ya kira ni, ya ce, "Abin akwai ban sha'awa ƙwarai. 'Yan ƙananan gyare-gyare ne kawai gare ni." Tun ban sauko daga benen ba na kira gida na ce Bature ya yaba. Da dare na buɗe takardun, na tarar da jan biro tun daga sama har ƙasa kamar an yanka zakara a kai. Sunana da kwanan wata ne kaɗai suka tsira. Sai daga baya wani tsohon ɗalibinsa ya yi mini fassara: in ya ce "akwai ban sha'awa", to ka koma ka sake daga tushe. In ya ce "mai yiwuwa ni ne ban fahimta ba", kai ne ba ka fahimta ba. Ranar da kuwa ya ce maka "ba laifi", ka je ka yi walima.

A gidan da nake haya akwai wani Ba'amurke ɗan ajinmu, mutumin Texas, wanda nake kira Dogo don sai ya sunkuya yake shiga kicin. Shi ranar da muka haɗu, kafin ya saki hannuna na san ya yi kyaftin ɗin ƙwallon kwando a makarantarsu, ya kafa ƙungiyar ɗalibai biyu, kuma nan da shekara goma zai canza yadda duniya ke noma. Na riƙa duba bayansa ko akwai maroki. Babu. Shi ne ango, shi ne mai kalangu.

Ranar da aka fitar da makin aikinmu na farko, ni da shi duk 68 muka samu. Ni na wuce kanti na sayo kaza, don tsarinmu na Najeriya irin na Ingila ne, 70 ne A, mai 68 kuwa yana bakin ƙofar aljanna. Na dawo na tarar da Dogo zaune a kan matakala ya haɗa kai da gwiwa kamar an aiko masa da rasuwa. Ashe a Amurka sai ka kai 90 ake ba ka A, 68 kuwa D ce, maƙwabciyar faɗuwa. Wata Bafaranshiya 'yar ajinmu ta zo lallashi ta ƙara dagula lamarin. Ta ce su a kan 20 ake ba da maki, mai 16 gwani ne, 20 kuwa ta Ubangiji ce, 19 ta malami. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san wannan awon. Ta ƙara da cewa tun 1831 wani ɗan ƙasarsu, Tocqueville, ya zaga Amurka ya dawo ya rubuta cewa mutanen can ba sa ƙoshi da yabo. Dogo ya ɗago kai ya ce ai wannan ma yabo ne. Kazar dai tare muka cinye.

Dogo bai ɗauki abin da yake yi a matsayin fankama ba, nan ne na daɗe ban gane ba. Ya ce su tun suna makarantar reno ake sa yaro ya zo da wani abu daga gida, ko ɗan tsana ko dutse, ya tsaya gaban aji ya yi bayani a kai. Da girma kuma ana koya musu abin da suke kira jawabin lif: ka ɗauka ka shiga na'urar hawa bene da babban mutum, kana da daƙiƙa talatin kafin ya fita, me za ka faɗa masa ya ɗauke ka aiki? Ya ce ƙasa ce ta baƙi, kowa daga wani wuri ya zo, ba wanda ya san kakanka, in ba ka faɗi ko kai waye ba wa zai faɗa? Ya kawo mini misali da Muhammad Ali, wanda a 1964 yana ɗan shekara 22 ya doke Sonny Liston ya cika duniya da cewa shi ne gwanin gwanaye. Na ce, "Dogo, ai wannan kirari ne, mu ma muna da shi. 'Yan dambe na yi, mafarauta na yi, 'yan tauri na yi. Amma a fage ake yi, ana kiɗa, an ja layi. Ba a yinsa a kan shayi." Ya ce, "Abokina, duniyar nan duk fage ce."

Maganar ta zauna mini, don a lokacin an gayyace ni wani taron masana ƙwari a Copenhagen, babban birnin Danmak, kuma an ce akwai gurbin digirin digirgir da za a iya samu in mutum ya burge manya. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Dare uku Dogo yana ɗaura mini jela a kicin. Ya hana ni cewa "ɗan", ya hana ni cewa "wataƙila", ya hana ni duban ƙasa. In na ce "mun gwada", ya buga tebur ya ce "na gano". In na sa hannu biyu zan gaisa ina ɗan rusunawa, ya ce in miƙe in matse hannun mutum kamar ina tatsar lemo. A dare na uku na yi jawabin ba tuntuɓe, ya rungume ni ya ce na zama dodo.

Liyafar daren farko, teburinmu mutum takwas ne. An kawo baƙin burodi da ɗanyen kifi mai tsami a kai, kowa na ci kamar abin kirki. Aka ce kowa ya gabatar da kansa. Wani ɗan Suwidin ya ce yana ɗan duba ƙudan zuma. Wani ɗan Holan mai faɗin kafaɗa ya ce shi dankali. Wata dattijuwa 'yar Danmak da ke kusa da ni, mai furfura da takalmin roba, katin sunanta ya juya baya a wuyanta, ta ce tana ɗan leƙa rayuwar ƙananan malam-buɗe-littafi na dare in ta samu lokaci. Kowa jimla ɗaya, a zaune, murya ƙasa-ƙasa kamar ana gaisuwar mutuwa. Na ce a raina, Allah ya kawo ni cikin marasa jela.

Da aka zo kaina na miƙe tsaye. Ba wanda ya miƙe kafin ni, amma na miƙe, har kujerata ta yi ƙara. Na gyara hula, na kafe su da ido ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mini, na ce ni ne mutumin da zai ceto tumatirin Afirka ta Yamma. Na ce bincikena shi ne irinsa na farko. Na ce ni jagora ne, mai hangen nesa, wanda bai san gajiya ba. Daƙiƙa talatin suka cika ban ji alamar lif ta tsaya ba, sai na ƙara da wadda ba ta cikin darasi: na ce gaskiyar magana, kafin ni ba wanda ya tsaya ya yi wa tsutsar nan nazarin ƙwarai.

Tsit. Ɗan Suwidin ya ƙura wa kifinsa ido kamar yana jiran ya yi magana. Can sai ɗan Holan ya ajiye cokali. Su mutanen Holan ba su da fankama, amma kuma ba su da kara ko ta sisin kwabo.

"Gona nawa ka auna?"

"Goma sha biyu."

"A ƙasashe nawa?"

"A ƙaramar hukuma ɗaya."

Ya ce, "To." Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba.

Na zauna a hankali, wannan karon kujerar ba ta yi ƙara ba. Dattijuwar nan ta miƙo hannu za ta ɗauki gishiri, katin wuyanta ya juyo. Na karanta sunan. Na sake karantawa. Sunan nan sau goma sha huɗu ya fito a jerin manazartar bincikena, hanyar kafa tarkon da na yi aiki da ita a Kadawa ma daga takardarta na kwafo. Ita na gaya wa, tazarar kamu ɗaya tsakanina da kunnenta, cewa kafin ni ba wanda ya yi aikin ƙwarai. Don in samu abin yi da bakina na cusa kifin nan gaba ɗaya. Har yau ban san da me ya fi ƙona ni ba, tsamin ko kunyar.

Washegari na so in ɓuya, sai ga ta a bayana a layin shan gahawa. Na ce, "Malama, ki yafe mini, jiya shaiɗan ne." Ta yi dariya ta ce ba shaiɗan ba ne, Ba'amurke ne, ta san aikinsu in ta gani. Sannan ta ba ni labarin abin da suke kira Dokar Jante. Wani marubuci, Aksel Sandemose, shi ya tsara ta a wani ƙagaggen labari a 1933, dokoki goma na wani ƙaramin gari da ya ƙirƙira, ta farkonsu ita ce kada ka ɗauka kai wani abu ne. Ta ce shi don ya yi wa halin mutanensa ba'a ya rubuta, amma har gobe da ita ake auna mutum a Danmak da Norway da Suwidin. Mutanen Suwidin suna da kalma guda, lagom, wato daidai wa daida, kada ya yi yawa kada ya gaza. Na Holan kuma cewa suke ka zauna yadda kowa yake, hakan ma ya isa hauka. Na ce, "Malama, Babana bai taɓa jin sunan mutumin nan ba, amma dokokin goma duk ya haddace."

Sai dai kada wani ya ɗauka waliyyai ne. Na lura tawali'un nasu da ƙugiya a ciki. Mai cewa "ina ɗan taɓawa" ya san sarai za ka je ka bincika a intanet ka dawo jikinka a sanyaye, kuma wannan sanyin jikin ya fi masa tafi daɗi. Ba'amurke ya kori maroki ya karɓi aikin da kansa. Na Turai ya kori maroki ya zauna yana jira kai ka zama marokinsa kyauta.

Da na koma Ingila na zayyana wa Farfesa komai. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Da alama daren ya ɗan yi armashi." Sannan don ya kwantar mini da hankali ya ba ni labari biyu. A 1982 wani jirgin saman Birtaniya ƙirar Boeing 747 ya shiga tokar dutse mai aman wuta a sararin Indonesiya, injinansa huɗu duk suka mutu. Matuƙin, Kyaftin Eric Moody, ya ɗauki lasifika ya shaida wa fasinjoji cewa an samu 'yar ƙaramar matsala, injina huɗun duk sun tsaya. Allah ya sa injinan suka sake tashi, aka sauka lafiya a Jakarta. Na biyun bai ƙare da daɗi ba. A Afrilun 1951, a yaƙin Koriya, sojojin Sin sun yi wa wata bataliyar sojojin Birtaniya zobe a bakin kogin Imjin. Ana ba da labarin cewa da janar ɗin Amurka ya tambayi kwamandan Birtaniya halin da ake ciki, sai ya ce al'amura sun ɗan yi danƙo. Shi yana nufin ana gab da hallaka, Ba'amurke ya ji kamar an ce ba komai. Mafi yawan sojojin bataliyar a hannun abokan gaba suka ƙare.

Duk mai hankali zai ji gargaɗin da ke cikin labari na biyu. Ni na farkon na ɗauka. Na yi rantsuwa na bar kirari har abada.

Bayan mako uku wata jami'a a Amurka ta kira ni intabiyu ta bidiyo. Mutum uku a fuskar kwamfuta, haƙora fari tas, kowa na cewa ya yi matuƙar murnar ganina kamar na dawo daga Hajji. Na sa hannu a cinya, na sauke kai.

"Faɗa mana babbar nasarar da ka samu."

"Ai ban yi wani abu ba. Ɗan ƙoƙari ne, da taimakon Allah da na malamaina."

"Yaya kake da ilimin ƙididdiga?"

"Ina ɗan taɓawa." Shekara uku na yi ina koyar da shi.

"Me zai sa mu ɗauke ka, mu bar sauran?"

"Gaskiya mai yiwuwa akwai waɗanda suka fi ni cancanta."

Na ga su ukun sun sunkuya sun rubuta. Matar da ke tsakiya ta dafa ƙirji, ta dube ni da tausayi, ta ce ta gode da wannan gaskiya da na faɗa musu. Dogo, wanda ashe yana laɓe a bayan ƙofa, ya shigo yana riƙe da kai. Da na nuna masa wasiƙar shaida da Farfesa ya rubuta mini, inda ya ce ni ɗalibi ne mai natsuwa kuma aikina bai rasa abin dubawa ba, sai ya ce, "Me ka yi wa tsohon nan ya tsane ka haka?" A wajensu in malami bai rubuta cewa a shekara talatin bai ga kamarka ba, to da wata a ƙasa. Ni kuwa na san tsohon nan ya zazzage duk yabon da ke rumbunsa.

Amsarsu ta iso ta imel. Sakin layi na farko ya ce na burge su matuƙa. Na biyu ya ce irin basirata abin alfahari ce ga duniyar bincike. Ban ƙarasa na uku ba na faɗi na yi sujudar godiya a kan kafet. Na ɗago goshina da zare-zaren kafet a jiki, na ci gaba da karatu, sai ga "sai dai kash" a layi na ƙarshe. Ban taɓa ganin an kori mutum da kalangu ba sai ranar.

Kwana huɗu bayan nan wani imel ya shigo daga Danmak, layi biyu, ko gaisuwar kirki babu. Dattijuwar nan ce, ta ce ta duba alƙalumana na gonaki goma sha biyun nan, ba za a ce ba su da amfani ba. In ba ni da wani abin yi da ya fi, akwai tebur a ɗakin bincikenta daga watan Satumba. Na ce a raina wannan habaici ne, tana rama abin da na yi mata. Kwana biyu ban amsa ba. A na uku na kai wa Farfesa ya karanta. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce shekara ashirin da biyar ya san matar nan, bai taɓa ganin ta saki baki haka ba.

Da yamma na sa kati na kira gida. Bayan mun gaisa, na tambayi jiki da damina, na ce, "Baba, an ɗan samu wani gurbin ƙarin karatu a wata ƙasa. Ba laifi dai."

Ya ce, "To, madalla. Ka riƙe salla. Sanyin da sauƙi?"

Na ce da sauƙi. Muka yi sallama. Baba dai har yau bai iya kashe waya ba, aljihu kawai yake jefa ta. Na ji ƙarar takalminsa, na ji ƙofar zaure, sannan na ji muryarsa ta tashi yadda ban taɓa jin ta a gabana ba: "Malam, kun ji yaron nan? Turawan duniya aka tara, na Ingila da na Amurka da na wata ƙasa ma da ba ku taɓa ji ba, ya kayar da su duka! Rubuto masa suka yi suna roƙo!"

Minti goma sha ɗaya na yi ina saurare kafin katina ya ƙare.